Fanshona, Diyyar Ƙanina da Tallafin Mahaifiyarmu: Me Muke Bin Gwamnati?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya mai reshe uku. Ya ce shi ma'aikacin wata hukumar gwamnatin tarayya ne, ya kama aiki a 1998, saura shekara uku ya cika sittin ya ajiye aiki. Yana jin abokan aiki suna cewa yanzu babu garatuti, kuma kamfanin fansho sai ya riƙe wa mutum kuɗinsa ya riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya mutu. Ƙaninsa kuma inji ya datse masa yatsu a wata masana'antar roba, kamfanin ya biya kuɗin asibiti ya sallame shi. Ga mahaifiyarsu tsohuwa a ƙauye, tana jin ana raba kuɗin gwamnati amma ba ta taɓa gani ba. Yana so ya san abin da kowannensu yake bin gwamnati, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ƙaninka lafiya, ya ƙara wa Hajiya nisan kwana. Ka haɗa abu uku a tambaya ɗaya, kuma yawancin mutanenmu haka suke haɗa su, duk a kira su "kuɗin gwamnati". Alhali naka kuɗinka ne da aka tara maka da sunanka. Na ƙaninka inshora ce da doka ta wajabta wa mai kamfani ya biya. Na Hajiya ne kawai kyauta, kuma shi ne wanda ba za ta iya kai kowa ƙara a kansa ba. Zan fi daɗewa a kan naka, don nan ne kake da shekara uku a hannu da za ka iya gyara abubuwa, amma na ƙaninka ya fi gaggawa, don akwai wa'adi a kansa.

Tsohon tsarin da iyayenmu suka sani, gwamnati ce take biyan komai daga kasafin kuɗi. Ma'aikaci ba a cire masa ko kwabo. In ya yi shekara 35, ya tashi da fansho kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da garatuti kashi 300 cikin ɗari na albashin shekara. A takarda babu abin da ya fi shi daɗi. A zahiri kuwa babu wani asusu da aka ajiye kuɗin a ciki. In an saka a kasafi kuma an saki, a biya, in ba a saki ba, sai haƙuri. Waɗanda suka kai shekarunka sun ga tsofaffi suna kwana a bakin ofisoshi a Abuja da Kaduna kan layin tantancewa, wasu har rai ya yi halinsa a wurin. Bashin ya taru har ya fi ƙarfin gwamnati, shi ya sa a 2004 Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran fansho, aka kafa PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, ita ce ake aiki da ita har yau. Waɗanda suka riga suka yi ritaya a tsohon tsari, da waɗanda saura shekara uku ko ƙasa su ajiye aiki a lokacin, an bar su a can, hukumar PTAD ce take biyansu. Sojoji kuma an fitar da su daga sabon tsarin a 2011, suna da tasu hukumar. Kai da ka kama aiki a 1998 kana cikin sabon tsari, amma da 'yar ƙafarka ɗaya a tsohon, kuma zan dawo kan wannan.

Ga yadda sabon yake tafiya. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai lambarka, wanda ake kira RSA. Kafin 2014 kashi 7.5 ne kowane ɓangare. Lissafin aƙalla a kan tsurar albashi da alawus na gida da na sufuri ake yinsa. A ce waɗannan ukun sun kama naira 150,000 a wata: naka 12,000, na gwamnati 15,000, wato 27,000 ke shiga duk wata. Kamfanin fanshon da ka zaɓa, PFA, shi ne yake juya kuɗin a takardun bashin gwamnati da hannayen jari da makamantansu, amma kuɗin ba a hannunsa suke ba. Akwai wani kamfani na daban, PFC, wanda aikinsa ajiya kawai. An raba su ne da gangan don kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe da makulli. A wannan fannin dai tsarin ya yi abin da aka kafa shi dominsa: dukiyar da aka tara ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, kuma badaƙalar da ta kai Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, gidan yari a 2021 a kuɗin tsohon tsari aka yi ta, ba a asusun RSA ba.

Sai dai kada in yi maka daɗin baki. Kuɗin suna nan ba a sace ba, amma darajarsu ta zube. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ribar da kamfanonin fansho suke samowa ba ta kamo ta ba. Wanda ya tara miliyan goma lokacin da buhun shinkafa yake dubu ashirin, yau lambar da ke asusunsa ta ƙaru amma abin da za ta saya ya ragu. Ƙorafin abokan aikinka yana da tushe, kuma nan ne tushen.

Maganar garatuti kuwa, abin da dokar 2014 ta tanada shi ne dunƙulen kuɗi daga cikin asusunka. Ranar da ka ajiye aiki, ana duba jimillar abin da ke ciki, da shekarunka, da jinsinka, da albashinka na ƙarshe. Sai a ware abin da zai isa a riƙa biyanka fansho na wata-wata, burin shi ne ya kai rabin albashinka na ƙarshe, abin da ya saura a miƙa maka a dunƙule. Mafi yawan ma'aikata asusunsu bai kai ya ba da rabin albashin ba, don haka abin da suke tashi da shi kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Mai miliyan 12 sai ya karɓi miliyan 3, miliyan 9 su zauna. Wannan ne yake ɓata wa mutane rai, mutum yana ganin kuɗinsa da idonsa a takarda, ga bikin 'ya, ga ginin da bai kai linta ba, a ce masa ba zai taɓa ba. Ina fahimtar zafin. Amma na ga abin da dunƙulen kuɗi yake zama a hannun wanda ya yi shekara talatin yana rubuta fayil bai taɓa sayar da ko allura ba: a sayi motar haya a ba yaro, a buɗe shagon kayan masarufi 'yan uwa su cinye da bashi, ko a kai wa mai cewa zai riƙa ba da riba kashi ashirin duk wata. Bayan shekara biyu sai ka gan shi yana tambayar ko akwai saura. Ra'ayina shi ne riƙewar ba laifi ba ce. Laifin shi ne ƙanƙantar albashin da aka yi ta cire kason daga cikinsa tun farko. Wanda asusunsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har abin da zai riƙa samu a wata bai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, shi ana ba shi kuɗinsa gaba ɗaya. Kuma duk abin da aka biya ka na fansho babu haraji a kansa.

Abin da ya zauna ɗin, kai za ka zaɓi yadda za a biya ka shi, kuma wannan zaɓin ya fi kowane muhimmanci. Hanya ta farko, kuɗin su ci gaba da zama a kamfanin fanshonka, ana juya su, ana biyanka wata-wata ko duk wata uku. Asusun naka ne har yanzu. In riba ta taru ana iya ƙara maka, PenCom takan ba da umarnin ƙari lokaci zuwa lokaci. In Allah ya yi maka rasuwa, duk abin da ya rage gado ne, a raba wa magada. Hatsarinta shi ne in rai ya yi tsawo sosai asusun yana iya yin ƙasa. Hanya ta biyu ita ce anuwiti: ka ɗauki kuɗin ka miƙa wa kamfanin inshorar rai, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyanka wani adadi har iyakar rayuwarka, ko da za ka kai ɗari. Yawanci adadin watan yakan ɗan fi na hanyar farko, shi ya sa dillalan inshora suke samun shiga wurin masu shirin ritaya. Abin da ba su cika jaddadawa ba shi ne kuɗin sun bar hannunka. Akwai lamunin shekara goma: in mutum ya rasu a shekara ta huɗu, a biya magada na sauran shida. In ya rasu bayan goma ta cika, magada ba su da komai. Kuma wanda ya fara da hanyar farko yana iya komawa anuwiti daga baya, amma wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa. Ga magidanci mai mata da ƙananan yara, kamar yadda yawancinmu muke kai sittin da ɗan firamare a gida, na fi karkata ga hanyar farko, ko ba komai ƙofa a buɗe take. Wanda 'ya'yansa duk sun kama gabansu, kuma danginsa masu tsawon rai ne, anuwiti ba ta da laifi gare shi ta fuskar lissafi. Ta fuskar shari'a kuwa ya zauna da malaminsa.

Tunda an zo nan, akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tun 2018 aka karkasa kuɗin fansho gida-gida. Wanda bai kai hamsin ba yawanci yana asusu na biyu, wanda ya kai hamsin a mayar da shi na uku inda ba a cika kasada da kuɗin ba, masu ritaya suna na huɗu. A 2021 aka buɗe asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Ana zuba shi a sukuk, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, da hannayen jarin da suka dace da shari'a, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na masu ritaya. In zuciyarka ba ta kwanta da ribar takardun bashi ba, rubuta wa kamfaninka ka nemi a mayar da kai can. Ba sai ka ba kowa dalili ba. Haka nan tun Nuwamba 2020 kana da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara in wanda kake ciki ba ya kula ka.

Yanzu ga 'yar ƙafar da na ce tana tsohon tsari. Shekarun da ka yi daga 1998 zuwa ƙarshen Yuni 2004 ba a cire maka komai ba, amma ba su tafi a banza ba. Gwamnati ta amsa cewa bashi ne a kanta, za a ƙiyasta shi a zuba a asusunka lokacin ritaya. Wannan bashin shi ne ya jefa ma'aikatan tarayya cikin wahala shekara da shekaru, domin a lokacin ba a fara biyan mutum sai an haɗa shi da abin da ke RSA, kuma gwamnati ba ta sakin kuɗin a kan kari. Mutum ya ajiye aiki, albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, ya yi shekara ko fiye yana cin bashi. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da takardun bashi na naira biliyan 758 don share basussukan fansho, kuma an samu sauƙi. Duk da haka ni dai shawarata ga duk mai shirin ajiye aiki ita ce ya tanadi abin da zai ci na wata shida zuwa shekara, kamar ba za a biya shi da wuri ba. In an biya, falillahil hamdu.

Abin da ya fi jinkirta mutane ma ba gwamnati ba ce, fayil ɗinsu ne. PenCom tana tantance ma'aikatan tarayya tun ana saura shekara guda su yi ritaya, yanzu ta intanet ake farawa sannan a kammala a ofishin kamfanin fansho. Za a nemi takardar kama aiki ta farko, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardun ƙarin girma, tarihin aikinka daga sashen ma'aikata, da shaidar matakin albashin da kake kai ranar 30 ga Yuni 2004. Na sha zama da dattijo a gaban tebur, ya zazzage jakar leda cike da takardu da suka yi ja don tsufa, sai mu tarar takardar kama aiki ta ce Muhammadu Sani, katin ɗan ƙasa ya ce Sani Mohammed, banki kuma ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa a fayil 1 ga Janairu, a NIN wata shekarar daban, saboda wani ya ba shi shawara ya rage shekara biyu lokacin rajista. Kwamfuta ba ta san "ai duk ni ne" ba. Gyaran irin wannan yakan ci watanni, tsakanin kotu da jarida da ofishin NIMC mai ba da katin ɗan ƙasa, kuma ya fi sauƙi a yi shi kana da albashi da katin shaidar aiki a wuya.

Saboda haka a wannan watan, ba baɗi ba, je ofishin kamfanin fanshonka ka ce a buga maka cikakken bayanin asusunka tun daga ranar da aka buɗe shi. Ka bi shi wata-wata da biro. In ka ga watannin da ba a zuba ba, ko an ci gaba da zuba maka na mataki na 9 alhali ka daɗe a na 12, ka rubuta ƙorafi ta hannun jami'in fansho na ma'aikatarku, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In ka buɗe asusun kafin Yuli 2019 kuma ba ka sake rajistar bayananka da NIN ba, ka yi. In kana da lambar RSA biyu, kamar yadda ya faru da mutane da yawa a farkon tsarin lokacin da wakilan kamfanoni suke bin ofis-ofis da fom, a haɗe su tun yanzu. In kana da hali, doka ta ba ka damar ƙara wani abu na ganin dama a kan kashi takwas ɗin, ta hanyar albashi.

Sai maganar da ba a son yi. In ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, iyalinsa suna da abu biyu: abin da ke asusunsa, da inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da yawa na farkon kawai suke bi, ba su san da na biyun ba. Kuma sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusancinka ba shi ne magaji ba. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kamfani ba zai saki kuɗi ba sai da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, ko wasiyyar da kotu ta tabbatar, daga nan a raba bisa gado. Ka gaya wa uwargida da babban ɗanka sunan kamfanin da lambar asusun, ka nuna musu inda takardun suke. Mu Hausawa muna da ɓoye irin wannan kamar asirin tsafi, sai a bar marayu suna yawo ofis-ofis.

Duk wannan na ma'aikacin tarayya ne da na kamfanoni. In wani abokinka na jiha ya karanta, kada ya ɗauka nasa ke nan. Kaduna ta shiga tsarin RSA, amma Jigawa da Kano suna da nasu: ana cire kaso daga albashi a tara a asusu guda na bai ɗaya, a biya fansho da garatuti bisa shekarun aiki. Wasu jihohin ma har yanzu tsohon tsari suke kai. Kowa ya binciki dokar jiharsa.

Mu koma kan ƙaninka, kuma ina roƙonka ka karanta masa wannan yau. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ce take gudanar da ita. Kowane mai ɗaukar ma'aikata ya wajaba ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga na ma'aikaci. Daga wannan asusun ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ya kamu da ciwo saboda aikin, ko ya yi hatsari a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Ba a tambayar laifin waye. Ko shi ne ya yi sakaci ya kai hannu inda bai kamata ba, wannan bai soke haƙƙinsa ba. Kuma dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da wanda ake biya kullum, don haka kada a ce masa "ai kai leburan rana ne". Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani, da na'urar da za ta maye gaɓar da aka rasa, da diyya gwargwadon nakasar da likitoci suka auna. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai iya aiki ba, dokar ta ba shi kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Rasa yatsu nakasa ce ta wani ɓangare, nasa zai zama kaso ne daidai da yadda raunin ya rage masa ƙarfin neman abinci.

Wa'adin shi ne matsalar. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da mai kamfani, mai kamfani yana da kwana 7 ya sanar da NSITF, kuma dole a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda daga ranar raunin. Ana iya karɓa har zuwa shekara uku in akwai uzuri na musamman, amma kada ya dogara da wannan. Tunda kamfanin ya biya kuɗin asibiti, ba zai iya cewa bai san da raunin ba. Rasiɗan nan da katin asibiti da rahoton likita su ne hujjarsa, ya adana su, ya haɗa da katin aiki ko duk wata shaidar biyan albashi, da sunayen waɗanda suke wurin ranar. Ya je ofishin NSITF na jiharsa da kansa ya tambaya ko kamfanin yana da rajista kuma ko ya kai rahoto. Sau da yawa za ka tarar ba a kai ba, domin masu masana'antu sun fi son a kashe maganar a cikin gida: a ba yaro dubu ɗari biyu, a sa shi ya dangwala hannu a takardar cewa ya yafe. In an riga an sa shi ya dangwala, kada ya karaya, dokar ta ce duk yarjejeniyar yafe wannan haƙƙi ba ta da inganci. In kamfanin ba shi da rajista ko ya ƙi ba da haɗin kai, sai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jihar, daga nan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano da wasu manyan biranen Arewa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Na san za a ce masa ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Ƙaddara ce, babu musu. Amma diyyar rauni ba baƙuwa ba ce a addininmu, kuma karɓarta ba butulci ba ne ga wanda ya kai shi asibiti.

In kamfanin yana zuba masa fansho, yana da wata ƙofar. Wanda bai kai hamsin ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa. In kuma likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, ana ɗaukarsa kamar wanda ya yi ritaya ko shekarunsa nawa.

Za ka ji ana maganar dokar masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019. Tana da amfani: ta hana nuna wariya, ta ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kafa hukuma ta ƙasa. Amma ba ta yanka wa kowa albashin wata ba. Jigawa ce ta yi fice a nan, tun 2007 zamanin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, kuma wannan na jiha ne, na 'yan jihar.

Na Hajiya gajere ne, kuma ba mai daɗi ba. Najeriya ba ta da fanshon tsufa na kowa da kowa. Wanda bai yi aikin albashi ba, babu dokar tarayya da ta ce a biya shi don ya tsufa. Ekiti ta gwada a 2011, naira 5,000 a wata ga 'yan shekara 65 zuwa sama, amma irin wannan yana tafiya ne da gwamnan da ya kawo shi. Abin da take ji ana rabawa tallafin gidaje marasa ƙarfi ne. A zamanin Buhari naira 5,000 ne a wata, ana biya dubu goma duk wata biyu, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da aka dawo da su daga Suwizalan aka zuba a ciki. Bayan cire tallafin mai a 2023, gwamnatin Tinubu ta sanar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Aka dakatar a farkon 2024 saboda zargin almundahana a ma'aikatar jin ƙai, sannan aka dawo da sharaɗin sai mai NIN da asusun banki ko na waya. Ba a cika fom a nema. Sunaye daga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa ake ɗaukowa, ita kuma jami'an jiha ne suke shiga gari su tara jama'a, mutanen gari su fayyace gidajen da suka fi talauci. Gida ake rubutawa, ba mutum ɗaya ba, kuma tsohuwar da take da ɗa ma'aikacin tarayya da wuya maƙwabta su sa ta a sahun gaba. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka latsa nan ka yi wa Hajiya rajista, ko ya nemi dubu biyu na fom, ko lambar katin banki, ɓarawo ne.

Abin da za ka iya yi mata na zahiri shi ne ka tabbatar tana da NIN da asusu da sunanta, ka sa mai unguwa ya san da ita in masu rajista sun zo, sannan ka tambaya a asibitin matakin farko na mazaɓarsu ko ana shigar da tsofaffi cikin shirin kula da lafiya kyauta da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha take gudanarwa, domin tsofaffi suna cikin rukunin da aka ware wa gurbi. A shekarunta, maganin hawan jini da na ciwon ƙafa na wata-wata zai fi cin kuɗi a kan abin da tallafin zai kawo, kuma katin lafiyar in an samu ba ya ƙarewa bayan biya uku.